Kada A Yanke Magani Don An Ga Sauƙi

 A filina na wannan mako ina so in tattauna da 'yan'uwana masu karatu a kan ciwon nan da muke jin kunyar ambatonsa, watau taɓin hankali, da yadda za a zauna da maganinsa yau da gobe.

A da, rabon mai wannan ciwo yawanci mari ne da ɗakin duhu. Amma a 1949 wani likita a Ostareliya, John Cade, ya gwada gishirin litiyam ga masu ciwon ɗoki da surutu da rashin barci, aka dace. A 1952 kuma aka soma ba da Largactil a Faransa. A 1954 Likita Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kusa da asibitin Aro ta Abeokuta, suna zuwa karɓar magani da rana. Yau ga asibitocin wannan ciwo a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano.

To, magani ya samu, saura riƙonsa. Abin da na ga yana mai da mutane baya shi ne, da zarar sauƙi ya zo sai a ce an warke, a jefar da ƙwayoyi. Ku sani yawancin magungunan nan danne ciwon suke yi, kamar na hawan jini, kadan aka yanke su farat ɗaya ciwon yakan komo, wani lokaci ya fi na fari tsanani.

Gaskiya ne maganin yana da wahala. Yakan kawo barci, da bushewar baki, da ƙiba, wani ya sa jiki ya sandare ko hannu ya yi rawa. Wannan kuwa abin gaya wa likita ne, gama yana iya rage shi, ko ya sake wani, ko ya ƙara abin da zai saki jiki. Mai mantuwa akwai allurar da a kan yi bayan mako 2 ko 4. Maganin ciwon baƙin ciki kuma yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, sai haƙuri. Mai shan litiyam ya yawaita shan ruwa, musamman da bazara, ya riƙa zuwa awon jini. Kafin azumi a nemi likita ya tsara lokatan sha.

Dangi kuwa su zaɓi mutum ɗaya mai adana katin asibiti da tuna ranar komawa, a haɗa shan magani da lokacin salla ko na abinci. A nisanta mara lafiya da giya da wiwi. Kadan barci ya ƙaurace masa dare 2 ko 3, kada a jira ranar kati. In ko ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti ran nan.

Ina roƙon malamanmu, wanda ya zo neman addu'a a yi masa, sa'an nan a ce ya riƙe maganinsa, gama ku ne mutane suka fi jin maganarku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Ni ne naku,
Akawu, Zariya.