Magaria: inda watannin damina ke rage wa ƴan Nijar tsawon rai

Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa jaririn da aka haifa yau a Nijar ana sa ran zai yi shekara 61 zuwa 62 a duniya. Matasa da dama idan suka ga wannan adadi a Facebook sai su ɗauka ana nufin ɗan Nijar ba ya wuce sittin. Ba haka lissafin yake ba. Idan tsoho ya rasu yana da shekara 80, yaro kuma ya rasu yana da shekara 2, a wurin masu ƙididdiga kowannensu ya yi 41. Abin da ke janyo adadin ƙasa shi ne yawan yaran da ke mutuwa kafin su cika shekara biyar, kuma a wannan fanni Nijar na cikin ƙasashen da abin ya fi muni a duniya.

An ci gaba, babu shakka. A 1990 fiye da yara 300 cikin 1000 ne ba sa kai shekara biyar, tsawon rai kuma bai kai shekara 45 ba. Ɗakunan shan magani na ƙauye da aka gina a zamanin Tandja Mamadou, da rigakafi, da rabon sange, da maganin kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar wanda aka ƙaddamar a 2006, su suka sauya lamarin. Sai dai tafiyar ta yi sanyi: binciken hukumar ƙididdiga ta INS na 2012 ya ba da 127 cikin 1000, na 2021 kuma 123. Kusan shekara goma ke nan ana tsaye wuri ɗaya.

Wanda ke son ganin dalili ya dubi gundumar Magaria, a kudancin jahar Damagaram, kan iyaka da Najeriya. Ƙasa ce ta noma, mai cunkoson jama'a. Daga Yuli zuwa Oktoba abubuwa biyu ke haɗuwa a kan yaro guda: rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, ga kuma sauro ya cika tabkuna. Yaron da tamowa ta raunana, masassarar cizon sauro ba ta ɗaukar lokaci kafin ta shanye masa jini. A watan Satumban 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a yankin tun 2005, ta sanar da cewa yara kusan goma ne ke mutuwa kowace rana a sashen yara na likitar Magaria, inda aka kwantar da fiye da 700 lokaci guda. Yawancinsu sun iso ne bayan ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu.

Wannan jinkirin shi ne zuciyar matsalar, kuma ba sakacin uwaye ba ne kamar yadda ake saurin faɗa a cikin gari. Kusan rabin ƴan Nijar ne kawai ke zaune cikin kilomita biyar daga CSI. Uwar da ɗanta ya kwana da zafin jiki a tsakiyar Agusta tana da lissafi a gabanta: mai gida yana gona ko ya tafi cirani, sai ta nemi izini, sai ta nemi kuɗin kabu-kabu ko ta jira amalanke, sai ta samu mai kula mata da sauran yara, hanya kuma ruwa ya yanke ta. Ta kuma san cewa tana iya isa majo ya ce magani ya ƙare, ya rubuta mata takarda ta je ta saya. Saboda haka sai ta fara da mai tallan ƙwayoyi a kasuwa, ko jiƙo, ta ce bari a ga gobe. Goben nan ce ke kai yaro ga suma da neman ƙarin jini.

Batun ƙarewar magani yana da tushe. Tsarin kyauta na 2006 ya tanadi cewa CSI ta yi wa yaro magani, daga baya gomnati ta biya ta. Shekara da shekaru biyan yana makara, bashi ya taru har miliyan dubu da dama na CFA, farmasin CSI kuwa ba ta cika da alkawari.

Daga 1 ga Satumban 2024 hukumomin Yamai sun rage kuɗin magani da rabi a likitocin gomnati, sun kuma mai da haihuwa kyauta. Mataki ne da talaka ya ji a aljihunsa, musamman a birane. Amma ragin yana amfanar wanda ya iso bakin ƙofa ne. Yaron Magaria dama a takarda ba ya biyan komai. Abin da ke kashe shi nisa ne da kanta marar magani. Idan kuma ba a cike wa cibiyoyin giɓin kuɗin da suka rasa a kan lokaci ba, tsohon ciwon 2006 ne zai dawo da sabon suna.

Abin da ya nuna yana aiki shi ne wanda ke zuwa har gida. Tun 2013 ake rabon maganin kariya daga masassara, CPS, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a kowane wata na damina. Akwai kuma ƴan sa-kai na ƙauye da aka horar su gwada jini a yatsa su ba da magani tun ranar farko, da uwayen da aka koya wa awon damtsen yaro da ɗan zare mai launi uku. Allurar rigakafin masassara ma ta shigo ƙasar a Satumban 2024, an fara daga Gaya a jahar Dosso. Sai dai babban kason kuɗin waɗannan ayyuka daga masu tallafi na waje yake fitowa, a daidai lokacin da Amurka da wasu ƙasashen Turai ke tsuke bakin aljihu.

Ƴan cirani na Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya suna da hannu a wannan lissafi fiye da yadda suke zato. Galibi ana tura kuɗi ne idan an kira waya an ce yaro yana kwance a likita, wato lokacin da jika hamsin ma ba lalle ta isa ba. Jika biyar da aka ajiye a hannun uwa tun watan Yuni, tare da izinin ta tafi CSI ba sai ta jira kowa ba, ita ce ke biyan kabu-kabu a daren farko na zafin jiki.