A Ɗaga Labule Rana Ta Shigo Ɗaki



A unguwanninmu irin su Agege da Idi-Araba a Legas, da Sabo a Badun, sau da yawa iyali guda na zaune a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, ita ma an lulluɓe ta da labule mai kauri dare da rana. Tsakar rana sai an kunna ƙwan lantarki. Muna ganin wannan ɗabi'a tana cutar da mu.

Kudu ba kamar gida ba ce. Damina tana da tsawo, iska na da laima. Ɗakin da rana ba ta leƙa shi, bango kan yi danshi, katifa da tufafi su yi fumfuna, yara su yi ta tari. Ƙwayar tarin fuka tana daɗewa a iskar rufaffen ɗaki mai duhu, alhali hasken rana na kashe ta, iska kuma na fitar da ita. Ga kuma kuɗin wuta, wanda tun Afrilun 2024 aka tsawwala wa 'yan Band A.

Mun san uzurin iyayenmu mata: sirrin gida da sauro. Uzuri ne mai ƙarfi, amma yana da mafita. A sa wa taga raga, a rataya farin labule mara kauri a bayan mai kaurin. Da hantsi a ɗaga mai kaurin a buɗe tagar, kafin magariba a rufe.

Masu gidajen haya kuma muna roƙonku, kada ku toshe tagar ɗaki don ƙara shago a jikinsa.

Allah Ya ƙara mana lafiya.