Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Jama'a, wai har yaushe dillalan aiki za su yi ta ci da guminmu? Kafin su samo maka aikin fassara sai ka ba da kuɗin rajista. Sa'an nan su kafa sharaɗi: ba su biyanka sai mai aikin ya biya su, kuma ba ka da ikon hulɗa da shi sai ta hannunsu. Haba! Ai Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, cewa ta yi kada dillali ya karɓi kuɗi a hannun mai neman aiki. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kada mu sa hannu sai an rubuta ranar biya, an soke wancan takunkumi. In sun ƙi, mu tashi. Dillali dai ba shi da haja sai mu.