Tsohon Rubutunmu Yana Can Yana Magana da Yawunmu



Mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa daga cikinmu a wannan zaure ba da ƙagaggen labari ko waƙa muke samun kuɗin data ba. Abin da ke kawo ɗan abin sawa a aljihu shi ne rubutun kasuwanci. Mai kayan sola ya ce a rubuta masa bayanin yadda ake zaɓen batir, mai abincin kaji ya ce a yi masa jagorar kiwo, mai yi wa mutane rajistar kamfani ya ce a fayyace masa matakan da Hausa. Mu rubuta, a sa a intanet, a sallame mu, mu kama gabanmu. Shekara uku, shekara biyar, ba mu sake leƙawa ba. A ranmu an wuce wurin.

To, ba a wuce ba. Rubutun yana nan, kuma duk ranar da wani ya ɗauki waya ya tambayi Google, zai iya faɗawa kansa, ya karanta shi tamkar yau da safe muka rubuta.

Ga misali. Duk wanda ya rubuta bayanin rajistar kamfani a Najeriya kafin 2020, ya rubuta cewa sai an samu aƙalla mutum biyu kafin a kafa kamfani, kuma a lokacin gaskiya ya faɗa, haka dokar 1990 ta tanada. A watan Agustan 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani mai zaman kansa shi kaɗai. Yanzu a ce wata baiwar Allah mai haɗa turaren wuta ta karanta tsohon bayaninmu, ta je ta jawo wani ɗan uwa ta sa sunansa a takardun kamfaninta don kawai mun ce dole ne. Gobe in rigimar dukiya ta tashi tsakaninsu, wa ya tura ta? Mu ne, muna zaune a gida ba mu ma sani ba.

Na farashi kuwa ba a magana. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta kai kusan 500. Dala da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a lokacin, a 2024 ta wuce 1,500. Saboda haka duk rubutun da muka yi a 2021 mai kan magana irin “fara kiwon kaji da jarin naira dubu hamsin”, yau ya zama tarko. Matashi zai tara kuɗinsa bisa lissafinmu, ya isa shagon abincin kaji a gaya masa farashin buhu, ya fito yana jin an raina masa hankali. Ba zai zagi gwamnati a wannan lokacin ba. Mai shagon da sunansa ke kan rubutun zai zaga, da wanda ya rubuta.

Wannan ya sa muke ganin komawa kan tsohon rubutu haƙƙi ne a wuyanmu, tun kafin a zo maganar hawa sama a sakamakon bincike. Abin daɗin shi ne, a wannan karon sauke haƙƙi da neman riba hanyarsu ɗaya.

Dalili kuwa shi ne yadda Google ke aiki. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa shi a 1998, ɗaya daga cikin ma'aunansa shi ne yawan wuraren da suka ɗora mahaɗa zuwa ga rubutu, wato suka ce wa masu karatunsu “latsa nan ka je can”. Tsohon rubutu ya riga ya tara irin wannan shaida, an yi ta tura shi, an yi ta ambatonsa. Sabo kuwa baƙo ne, sai ya yi zaman jira kafin a san da shi. A ɗaya ɓangaren, tun a watan Nuwamban 2011 kamfanin ya sanar cewa a batutuwan da ke saurin canzawa zai riƙa fifita bayanin da ya fi kusa da yau. Kun ga kenan tsohon rubutun da aka gyara ya haɗa biyu, ga shekaru ga sabon bayani. Shi ya sa kuskure ne babba abin da wasunmu ke yi, su goge tsohon su sake ɗora shi a sabon adireshi. Duk mahaɗar da mutane suka ajiye ta mutu, mai latsawa ya tarar da kango. A gyara shi a inda yake, kamar yadda ake yi wa gida yaɓe ba tare da an canza masa unguwa ba.

Sai dai a nan ne shaiɗan ke shigowa. Da zarar mutum ya ji cewa ana son sabo, sai dabara ta zo masa: ya canza 2021 zuwa shekarar da ake ciki a kan maganar, ya sauya kwanan wata, ya bar komai yadda yake. Sauya wa tuwon jiya kwano ba ɗumame ba ne. Shi kansa Google, a jagorar da ya wallafa wa masu rubutu, ya lissafa canza kwanan wata ba tare da ainihin gyara ba cikin alamun rubutun da aka yi don inji, ba don mutum ba. Ko da a ce injin bai kama mu ba, wannan ya fi barin rubutun a yadda yake muni. Da farko mai karatu yana iya ganin tsohuwar shekara ya yi hattara. Yanzu mun cire masa wannan gargaɗin da hannunmu. A kasuwa sunan wannan algus.

Gyara na gaskiya yana da wahala, kuma yana da ɗan ciwo. Za ka zauna ka karanta abin da ka rubuta shekara huɗu baya, ka ji kunya ta kama ka. Za ka ga sakin layi uku na gabatarwa, ana ta gaisuwa da “kamar yadda kowa ya sani”, alhali wanda ya zo tambaya ɗaya ce ta kawo shi: batir nawa zai ɗauki firiji da fanka biyu? Ka ɗauko amsar daga can ƙasa inda ka binne ta, ka kawo ta sama. Ka kira mai kayan ka tambayi farashin yau, ka rubuta kusa da shi watan da ka tambaya, don wanda zai zo baɗi ya san inda ya tsaya. Lambar wayar da ke ƙasa, ka buga ta da kanka ka ji ko tana shiga. Shagon da ka ce yana layi kaza a Kantin Kwari, yana nan ko ya tashi? In ka tarar ka rubuta abu ɗaya sau uku a lokuta daban-daban, kowanne rabi-rabi, ka haɗa su wuri guda su zama cikakke ɗaya.

Sai kan magana, inda mu marubutan adabi muka fi faɗuwa. Mun saba da take mai jan rai, irin “Sirrin da ba a gaya maka ba” ko “Karanta ka ƙaru”. Babu wanda ke buga wannan a wurin bincike. Abin da mutum ke bugawa shi ne “yadda ake rajistar kamfani” ko “maganin zawon kaji”. In mai kasuwancin yana da shafinsa, akwai manhajar Search Console da Google ke bayarwa kyauta, tana nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har suka ga rubutun. Ku roƙe shi ya buɗe muku. Wani lokaci za ka ga ka rubuta “na'urar adana lantarki” don ka nuna iya Hausa, jama'a kuwa “batir” suke nema. Ka bi jama'a, ba faɗuwa ba ce.

Amma akwai inda ba za mu bi su ba. Mun san galibin masu waya “kudi” suke bugawa, ba “kuɗi” ba, kuma mun ji masu cewa a zubar da haruffa masu lanƙwasa gaba ɗaya don a dace da su. Mu dai ba mu yarda ba. Ƙasa daban, kasa daban. Ƙafa ba kafa ba ce. Marubucin da ya fara jefar da ƙugiyar haruffansa don inji, gobe me kuma zai jefar? Ka gwada kan maganarka a wurin bincike da ƙugiya, ka sake gwadawa babu, ka ga abin da ya fito, sannan ka zaɓi kalmomin take da hikima. Cikin rubutun kuwa a bar Hausa da kayanta.

Wani zai ce, to waƙoƙinmu da labaranmu fa, su ma mu yi ta taɓa su duk shekara? A'a. Waƙar da ka yi a 2019 shaidar wanda kake ne a 2019, ka bar ta. Maganarmu a kan rubutun da mutum zai karanta ya ɗauki kuɗinsa ko ƙafarsa ya yi aiki da shi. Shi ma in gyaran babba ne, kamar na dokar kamfanonin nan, ka sa layi ɗaya ka ce an gyara wuri kaza a wata kaza saboda doka ta canza. Masu buga littattafai ma ai ba sa ɓoyewa, sukan rubuta bugu na biyu a ciki.

Saura maganar kuɗi, don mun san tana ran kowa. Masu kasuwanci sun saba biyan sabon rubutu, gyara kuwa suna ganinsa kamar gyaran da mai tumatir ke ƙara wa mai saye. Laifinmu ne, mu muka saba musu, domin ba mu taɓa kai musu gyara a matsayin aiki ba. Kuskuren da muka yi tun farko, na harafi ko na lissafi, wannan mu gyara kyauta, namu ne. Amma sabunta farashi, bin sabuwar doka, sake gina rubutu, yini guda yake ci, wani lokaci fiye da rubuta sabo, kuma a biya shi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka buɗe tsohon rubutun a gaban mai kayan, ka nuna masa farashin da ke ɗauke da sunan shagonsa, ka tambaye shi ko zai sayar a haka yau.

Ga wanda zai iya, kafin Juma'a ya nemo rubutun kasuwanci mafi tsufa da ya taɓa yi wanda har yanzu ke intanet, ya ƙirga abubuwan da suka daina zama gaskiya a ciki, ya kawo mana adadin a nan ƙasa. Ba sai ya faɗi sunan mai shagon ba.