Ƙwanji Muke Nema Ko Tumbi?

A wuraren ɗaga ƙarfe na unguwanninmu, tun daga masu injina har masu gwangwanin da aka cika da siminti, matasa sun rabu gida biyu. Wasu na cewa a ci duk abin da aka samu sai jiki ya buɗe. Wasu kuma sun ƙaurace wa tuwo da shinkafa don layukan ciki su fito. Mu a ganinmu duka biyun asara suke yi, domin hanyar da ke ɓullewa ita ce ƙarin abinci kaɗan, isasshen furotin da haƙuri.

Mu fara da masu ci babu lissafi. Gaskiya ne jiki na buƙatar rarar abinci kafin ya gina tsoka da kyau, amma ginin yana da iyakar gudu. Sabon shiga da ya dage yakan samu rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata, wanda ya shekara biyu ko uku yana yi kuwa abin da yake samu bai kai haka ba. Duk abin da ya haura buƙatar ginin, jiki ajiye shi yake a matsayin kitse. Saboda haka wanda ya ƙara kilo 5 a wata guda kada ya yi murna, mafi yawansa teɓa ce da ruwa, kuma sai ya shafe watanni yana wahalar sauke su.

Masu horon yunwa ma ba su tsira ba. Magini ba ya ta da bango babu bulo. Wanda ke ɗaga ƙarfe kwana huɗu a mako alhali cikinsa fayau, ƙarfinsa zai tsaya cak, barcinsa ya lalace. Hotunan da ke ruɗarmu a Instagram yawanci na lokacin gasa ne, sa'ilin da 'yan wasan ke sauke kitsen jikinsu zuwa wajen kashi 5 cikin 100, kuma ba sa zama a haka duk shekara. Shi kansa Arnold Schwarzenegger, wanda ya ci gasar Mr. Olympia sau 7, ya amsa cewa ya yi amfani da sinadaran sitiroyid a zamaninsa. Ashe gwada jikinmu da nasu zaluntar kai ne.

To mene ne daidai? Ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana a kan abin da ke riƙe nauyinmu ya wadatar. Wannan bai wuce kofin fura da nono da 'yar gyaɗa a hannu ba. Sai furotin: wani nazari da aka buga a mujallar British Journal of Sports Medicine a 2018, wanda ya tattara bincike 49, ya nuna amfanin furotin wajen gina tsoka yakan tsaya a wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 70 yana neman giram 112 ke nan. Ƙwai ɗaya na da kimanin giram 6, giram 100 na dafaffen nama ko kifi kuwa 20 zuwa 30. Wanda aljihunsa bai kai nama kullum ba, ga wake, awara, ƙuli-ƙuli da kindirmo. Garin furotin na roba mai tsada ba dole ba ne.

Wani zai ce taura biyu ba ta taunuwa, ko dai a gina tsoka ko a rage kitse. Ga tsohon hannu akwai gaskiya a ciki, shi ya sa suke raba shekara, watanni na gini, makonni na ragewa. Amma sabon shiga, musamman mai ɗan jiki, yana iya samun duka biyun a watannin farko idan furotin ya isa kuma nauyin ƙarfen na ƙaruwa sannu a hankali.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙwayoyin "sha ka fashe". Daga cikin waɗanda ake sha don ƙiba akwai dexamethasone, wanda ke kumbura fuska da ciki, yana tayar da sukari da hawan jini, sannan yana cinye tsokar da ake wahalar ginawa. Mai shan sa ya daɗe kada ya yanke lokaci guda, ya nemi likita ya rage masa a hankali.

Alƙalanmu biyu ne: sikeli da tef ɗin tela. Mai kilo 70 ya nemi ƙarin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a wata, ƙugunsa kuma kada ya kai rabin tsawonsa. Idan ƙugu na gudu amma ƙarfen da muke ɗagawa bai ƙaru ba, mu rage malmala. Idan sikeli ya tsaya mako uku, mu ƙara loma. Allah ya ƙara mana lafiya.