Kafin A Ce "Sai An Yi Mata Fomat"

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwamfutarsa ya kai wa mai gyara a biranen Arewa ya san maganar da ke jiransa. Mai gyara zai danna maɓalli sau biyu, ya karkata kai, ya ce: "Alhaji, ai wannan sai an yi mata fomat." Ta ƙi tashi, fomat. Sauti ya ɗauke, fomat. Tana jan ƙafa wajen buɗe shafi, fomat. Shi kuwa mai kaya, da yake bai san dawan garin ba, sai ya ce a yi abin da ya dace, ya nemi benci ya zauna.

Abin da za a yi ɗin shi ne a share duk abin da ke cikin faifan ajiya, a sake ɗora Windows daga farko. Furojet ɗin ɗalibar aji huɗu a jami'a, hotunan suna da na biki, lissafin bashin shago, tafsirin da aka tara azumi bayan azumi, duk sun tafi cikin awa guda. An ƙona rumbu don a kashe ɓera, kuma sau da yawa ɓeran ma ba a rumbun yake ba.

Ba mugunta ce ke sa masu gyara yin haka ba. Fomat aiki ne mai sanannen farashi, ba ya son dogon bincike, ko yaron shagon da bai daɗe da fara koyo ba zai iya. Wani sa'in ma a dace, matsalar ta tafi. Amma matsayar wannan rubutu ita ce, da yawa daga cikin matsalolin tashi da na sauti a kwamfutar gida ba su da haɗi da abin da fomat ke gyarawa, kuma ita kanta kwamfutar takan nuna inda ke mata ciwo in an tsaya an duba.

Kwamfutar da aka danna ta yi tsit, ba fitila, ba motsin fanka, ko kusa da Windows ba ta kai ba. Maganar wuta ce. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama sun kwashe fiye da mako guda a duhu, kuma masu aiki da kwamfuta a gida ƙaramin janareto suka koma wa. Wutar irin wannan janareto sama take yi ta yi ƙasa duk sanda aka kunna firji ko injin jan ruwa, kuma caja ce ke fara shan dukan. Ta ƙone, a je kasuwa a sayo mai araha. To, cajojin Dell da HP da yawa suna da wata siririyar allura a tsakiyar bakinsu, ta nan kwamfuta ke gane irin cajar da aka jona mata. In allurar ta lanƙwashe, ko cajar jabu ce, kwamfuta na iya ƙin cajin batir, ko ta rage gudu da gangan don kare kanta. Mai ita sai ya ce tsufa ne ya kama ta.

Tsofaffin kwamfutocin tebur da ke zuwa daga Amurka kuma wasunsu na da ɗan jan makunni a baya, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya gefen 230. Wutar gidajen Amurka wajen bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar kusan ninkin haka. Wanda ya jona ta alhali makunnin na kan 115, ƙara ɗaya zai ji, sai warin ƙuna.

Sai wadda fitilarta ta kama, fanka na juyawa, amma sikirin baƙi ƙirin. Tun kwamfutar IBM ta 1981 ake ƙera waɗannan na'urori su binciki jikinsu da zarar an kunna su, kafin su nemi Windows ko wata manhaja. In komai lafiya, da yawansu kan yi 'yar ƙara guda ɗaya gajeriya su wuce. In akwai matsala, sai su yi ta ƙara a jere, ko su yi magana da fitila. Laftof ɗin HP kan ƙifta fitilar maɓallin Caps Lock, na Dell kuma kan sassauya hasken ruwan lemo da fari. Ƙifce-ƙifcen nan lissafi ne, kowane adadi da ma'anarsa, kuma kamfanonin sun zuba fassararsu kyauta a shafukansu na intanet. Mai waya a hannu zai iya ƙirgawa ya duba kafin ya tari ɗan sahu. Sau da yawa ƙorafin a kan RAM yake, wato ɗan allon ajiyar wucin gadi na kwamfuta: ƙurar hunturu ta shiga tsakaninsa da mazauninsa, ko jijjigar hanya ta sa ya ɗan ɗago. A cire wuta, a zare shi, a goge haƙoransa masu ruwan zinare da abin goge fensir, a mayar har ya ce ƙas. Ƙwararrun masu gyara a titin Beirut da Farm Centre a Kano sun san wannan sarai, kuma shi suke fara gwadawa.

Ƙurar nan dai ita ke toshe fanka. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura maki 40, laftof ɗin da aka ɗora a kan katifa, ƙofofin iskarta na manne da zanin gado, za ta kashe kanta tana tsakiyar aiki. An gina mata hakan ne don kada ƙwaƙwalwarta ta ƙone. Ko sau goma aka yi mata fomat, gobe ma sai ta mutu.

Amma wanda ya fi cin kuɗin mutane a banza shi ne wani ɗan batir mai faɗin kwabo da ke maƙale a jikin bod, wato babban allon cikin kwamfuta, sunansa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Aikinsa ya riƙe agogo da saitin tashin kwamfuta lokacin da ba ta kan wuta. Yawancin kwamfutocin da ke gidajen Kano, Zariya ko Maraɗi tokumbo ne, sun yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka kafin a yi dilarsu zuwa nan, kuma ba wanda ya taɓa canza musu wannan batir. Ranar da ya mutu, kwanan wata zai koma shekarun baya. Daga nan shafukan intanet su fara ƙin buɗewa suna gargaɗin rashin tsaro, domin takardar shaidar kowane shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, ita kuwa kwamfutar ta ɗauka tana wata shekara dabam. A wasu lokutan jerin abin da za ta tashi da shi ya birkice, ta rubuta cewa ba ta ga faifan tashi ba, alhali faifan na nan kalau da duk abin da ke cikinsa. Nan ne ake ce wa mai ita bairos ne ya cinye ta. Batirin kuwa irinsa ne a cikin rimot ɗin mota, masu gyaran agogo ma na sayar da shi. Irin wannan saƙo na rashin faifai kan fito har don an manta filash a jikinta.

Wadda ta nuna tambarin kamfani, ta fara juya 'yan ɗigon nan, sannan ta tsaya ko ta kawo shuɗin sikirin, ita ce kaɗai za a ce Windows na da hannu a lamarinta. Ko ita ma, duniya ta ga darasi a ranar 19 ga Yulin 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wata sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, suka faɗi kan shuɗin sikirin suka ƙi tashi. Filayen jiragen sama suka cunkushe, bankuna da asibitoci suka tsaya cak a ƙasashe da dama. Maganin da aka sanar shi ne a tayar da kwamfutar ta Safe Mode, wato ta tashi da abubuwan dole kaɗai, a goge fayil ɗin da ya jawo fitinar, a sake kunnawa. Manhajar ta manyan ma'aikatu ce, ba ta taɓa kwamfutocin gida sosai ba. Sai dai ƙofar da aka bi aka yi gyaran tana nan a kowace Windows. A Windows 10 da 11, in ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, da kanta take buɗe shafin gyara, inda za a iya cire sabuntawar ƙarshe ko a mayar da saiti yadda yake kwanakin baya, ba tare da an taɓa fayil ɗin kowa ba.

Ga kuma wani abu da ke ba mutane mamaki. Tun Windows 8 a 2012, danna Shut down ba ya kashe kwamfuta ɗungurungum. Tana adana wani ɓangare na halin da take ciki don ta yi saurin tashi gobe, har da kuskuren da ke damunta. Restart ne ke wanke komai ya fara daga tushe. Mutum sai ya yi mako yana kashewa yana kunnawa, sauti bai dawo ba, bai taɓa danna Restart ɗin da ke maƙwabtaka da Shut down ba.

Batun sauti ma ya fi ban takaici, domin sau tari ba abin da ya lalace. Sautin na fita, sai dai ba ta inda ake sauraro ba. Jiya da dare yara sun jona kwamfuta da talabijin ta wayar HDMI sun kalli fim, Windows ta mayar da sauti can ta bar shi. Ko kuwa tana nan haɗe ta Bluetooth da wata sifika da ke ɗakin uwargida, karatu na ta tashi a can, maigida na falo yana duban sikirin yana salati. Danna ɗan hoton sifika da ke ƙasan sikirin a zaɓi inda ake so sautin ya fita ya raba gardama. A kwamfutar tebur kuma ramukan baya launinsu ke bambanta su, bisa tsarin da Microsoft da Intel suka fitar a ƙarshen shekarun 1990: kore na sifika, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigar da sauti daga wata na'ura. An share ɗaki, an zare wayoyi, an mayar da ta sifika a shuɗi, shi ke nan gida ya yi shiru. Ramin iyafis ma in ƙura ta cika shi, kwamfuta kan ɗauka an soka wani abu, ta rufe bakin sifikarta.

Gwaji ɗaya ya isa a gane inda aka dosa: a soka iyafis. In an ji sauti, sifikar ce ko wayarta ta samu matsala, kuma wannan aikin sukundireba ne. In ba a ji ba, a nemi direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar sauti. A watan Oktoban 2018 Microsoft ya amsa cewa an tura wani direban sauti na Intel bisa kuskure zuwa kwamfutocin da bai dace da su ba, mutane suka wayi gari Windows 10 na ce musu babu na'urar sauti a jikin kwamfutarsu. Gyaran shi ne a cire direban, aikin 'yan mintuna. Abin dariyar shi ne fomat ɗin kansa na daga cikin abubuwan da ke kashe sauti. An ɗora Windows daga wani filash da ya zaga shaguna, ba a sa direban da ya dace ba, mai kaya ya koma gida da kwamfuta bebiya, ya dawo washegari a sake cajinsa kuɗin "sa sauti".

Ba a ce fomat ba shi da rana ba. In bairos na gaske ya yi kaka-gida, ko Windows ta ragargaje ta yadda shafin gyara ya gaza, dole a yi. Amma ko a nan, ana iya tayar da kwamfutar da Ubuntu, wata manhaja mai maye gurbin Windows, daga filash, ko a zare faifan a jona shi da wata, a kwashe kaya tukuna. Faifan da ke ƙara ƙyas-ƙyas kuwa yana kan gargara ne, ɗora masa sabuwar Windows na iya ƙarasa shi tare da abin da ya rage a ciki.

Sabbin kwamfutoci sun zo da nasu tarkon. Windows 11 kan kulle faifai da BitLocker, kuma taɓa saitin bod ko canza wani sashe na iya sa ta nemi mabuɗi mai lambobi 48 kafin ta tashi. Mabuɗin yana ajiye a asusun Microsoft da aka fara buɗe kwamfutar da shi. A nan kuwa sau da yawa yaron shago ne ya ƙirƙiri asusun ranar da aka saya, da wani imel da shi kansa ya manta. A irin wannan hali ko Ubuntu ba ta iya ceto komai.

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 kuma tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel ba ta karɓar mafi yawan ƙwaƙwalen da suka girmi zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017. Ma'aikatun Turai da Amurka suna sauke kwamfutocin da suka faɗi wannan jarrabawa, kuma an san kasuwannin da irinsu ke ƙarewa. Za su iso da tsohon batirin agogo, da fankar da ba a taɓa buɗewa ba, a ɗora musu Windows 11 ta bayan gida, wadda Microsoft ya riga ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo mata sabuntawa ba.