Haɓo da zubar jinin dasashi: a yi gwajin jini kafin a ɗora tukunyar magani



Akwai wata cuta da likitoci ke kira ITP. A cikin jininmu akwai ƙananan ƙwayoyi masu suna filatilet, su ne ke toshe rauni har jini ya tsaya. Awon mai lafiya yakan nuna 150,000 zuwa 450,000. A wannan cuta sojojin garkuwar jiki ne ke rikicewa, su far wa ƙwayoyin, saifa kuma ta riƙa lalata su. Sai a ga haɓo, jini a dasashi, jajayen ɗige-ɗige a fata, ko jinin al'ada ya ƙi ɗaukewa.

A 2015 masana a ƙasar Sin sun gwada wani sinadari mai suna indirubin, wanda ake samu a tsirran shuni, dangin baban da ake rini da shi a marina. Sun ga yana ƙara yawan ƙwayoyin garkuwa masu tsawata wa 'yan uwansu, filatilet kuma suka ƙaru. Sai dai a jikin ɓeraye aka yi gwajin, da sinadarin da aka tace aka auna.

Ra'ayina shi ne irin wannan labari bai ba kowa lasisin jiƙa baba ya ɗura wa mara lafiya ba. A 2016 ma'aikatar lafiya ta Japan ta yi gargaɗi, bayan wasu masu shan garin shuni saboda ciwon hanji sun kamu da hawan jinin huhu. Kwinin ma daga ɓawon itace ya fito, amma yakan sa garkuwar wasu mutane ta lalata filatilet.

Wani zai ce raina maganin iyaye da kakanni ake yi. Ko kusa. Daga tazargade aka samo sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau, har Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a kansa. A Abuja cibiyar NIPRD ta haɗa Niprisan na masu sikila daga tsirrai. Duka biyun sai da aka gwada su a jikin mutane, aka san adadin da za a sha.

A nan Taraba akwai ƙarin dalili. Zazzaɓin Lassa yakan ɓulla da rani, shi ma yana kawo zubar jini, kuma yana yaɗuwa. Sankarar jini ma takan fara da irin waɗannan alamomi. Ido ba ya bambance su, sai awo. Duk wanda ya ga haka a gidansa ya garzaya FMC Jalingo ko Asibitin Ƙwararru na Jiha a ƙirga ƙwayoyin jini. Kafin nan a guji asfirin, ibuprofen da diclofenac, domin suna ƙara zubar jini. In an riga an sha jiƙo, a faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne.

Masu maganin gargajiya, mutuncinku zai ƙaru in kuka tura mai zubar jini asibiti da wuri. Jami'ar Jihar Taraba da ta Tarayya da ke Wukari kuma, ga itatuwan Gashaka da Mambilla nan suna jiran bincikenku.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya